Kufan Bibrakt: Raddi Ga Masu Cewa Golawa Ba Su San Birni Ba

Akwai wata fahimta da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu sha'awar tarihin Turai, har da Faransawa su kansu, da kuma 'yan'uwanmu da suka yi karatun boko da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi. Ana cewa mutanen da suka zauna a ƙasar da ake kira Faransa a yau kafin zuwan Rumawa, wato Golawa, mutanen daji ne. Jarumai ne, babu musu, amma ba su wuce zaman bukkoki a tsakiyar kurmi ba, abincinsu naman farauta, sana'arsu faɗa da juna. Birni da hanya da rubutu da doka kuwa, wai duk sai da Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 51 kafin Miladiyya sannan suka shigo. A kan wannan ne ake gina shawarar da ake ba matafiyi: in kana son ganin tsohon tarihi a Faransa, ka nufi Nîmes ko Arles ka ga filayen wasan Rumawa, ko ka je gadar ruwa ta Pont du Gard. Hawa Dutsen Beuvray don ganin kufan Golawa wahalar banza ce, itatuwa kawai za ka tarar.

Ruwa ba ya tsami banza. Masu wannan ra'ayi ba don ƙeta suka riƙe shi ba, suna da abin dogaro. Ginin Rumawa yana nan tsaye, dutse kan dutse, na Golawa kuwa ido ba ya ganin sa. Golawa ba su bar littafi ko ɗaya da suka ba da labarin kansu a ciki ba. Marubutan Girka da na Rum da suka yi maganarsu sun siffanta su da shaye-shaye da fankama da yanke kawunan abokan gaba. Ko a kan Dutsen Beuvray ɗin ma, harsashin ginin dutse da ya fi ɗaukar ido irin na Rumawa ne. A zamaninmu kuma littattafan zane na Asterix, waɗanda René Goscinny da Albert Uderzo suka fara a 1959, sun dasa wa miliyoyin yara hoton ɗan ƙauye mai bukkoki da gasasshen aladen daji. Duk wanda ya tara waɗannan ya yanke hukunci, ba za a ce bai yi tunani ba. Sai dai hukuncin kuskure ne, kuma wurin da ake hana mutum zuwa, can ne hujjar take kwance.

Dutsen Beuvray yana cikin tsaunukan Morvan a yankin Burgundi, tsayinsa mita 821, kimanin kilomita 25 yamma da garin Autun. A kansa ne babban birnin ƙabilar Eduwawa ya zauna tun daga ƙarshen ƙarni na biyu kafin Miladiyya. Sunan birnin Bibracte, Faransawa na furta shi Bibrakt. Masu bincike na ƙiyasta cewa a lokacin bunƙasarsa mutum 5,000 zuwa 10,000 ne ke zaune a cikinsa.

Mu fara da ganuwa, tun da ita ce mai ziyara zai fara cin karo da ita in ya baro gidan kayan tarihin da ke gefen tudun ya hau ta ƙofar da ake kira Porte du Rebout. Ganuwa biyu ce. Ta waje, wadda ta fi tsufa, tsawonta ya kai kusan kilomita 7, ta kewaye fili mai faɗin hekta 200. Ta ciki, wadda aka yi daga baya, ta ɗan haura kilomita 5, ta kewaye hekta 135. Dukansu an ɗora su kafin Kaisar ya taka wannan ƙasa. Ƙofar Rebout ɗin, wadda aka sake gina ta a zamaninmu bisa abin da tono ya nuna, faɗinta ya kai kusan mita 20. Ba don mafarauci mai ɗauke da nama a kafaɗa ake buɗe ƙofa irin wannan ba. An yi ta ne don amalanke da garken dabbobi da mahaya, a shiga a fita ba tare da cunkoso ba, kuma don baƙo ya san tun daga bakin ƙofa cewa ya zo garin masu hali.

Ka tsaya a gaban bangon ka dube shi da kyau. Za ka ga duwatsu a jere ba tare da siminti ba, sannan a tsakaninsu, layi bayan layi, kawunan katakai sun leƙo. Yadda ake yin sa shi ne, a shimfiɗa gungumen itace a tsaye da bango, a gicciya wasu a kansu, a cika tsakani da ƙasa, a jera duwatsu a fuska, sannan a sake ɗora wani layin a sama, haka har bango ya tashi. Inda itace ya gicciye itace, sai a kafa doguwar ƙusa ta ƙarfe mai tsawon santimita 20 zuwa 30. Kaisar da kansa ya bayyana irin wannan gini lokacin da yake ba da labarin kewaye garin Avaricum, wato Bourges ta yau, kuma ya yaba shi ta fuskar yaƙi: dutsen na kare bangon daga wuta, itacen kuma na hana gungumen rushe ganuwa ya yi masa lahani. Har kyan gani ya ce yana da shi. Ƙusoshin kam bai ambace su ba, masu tono ne suka fito da su daga ƙasa. An ƙiyasta cewa ganuwar ciki kaɗai ta ci ƙarfen da ya kai kusan tan 30.

A yi nazarin wannan adadi. Kowace ƙusa sai an haƙo tama, an ƙona gawayi, an hura wuta da zuga-zugi, an narke, maƙeri ya buge ta a kan uwar maƙera. Dubban itatuwa sai an sare an feƙe an jawo su kan tudu. Ma'aikatan da ke wannan aiki ba sa gona a lokacin, saboda haka sai an ciyar da su daga rarar da wasu suka noma. Sai an sami mai auna layin bangon, da mai raba aiki, da mai ikon cewa a fito a fito. Al'ummar da ta iya binne tan 30 na ƙarfe a cikin bango, inda ba za a sake ganin sa ba, tana da ƙarfen da ya ishe ta garma da gatari da takobi har ya yi saura. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai adalci ya sake duba maganar mutanen daji.

To me ya sa ido ba ya ganin gidaje? Saboda da itace da ƙasa aka gina su. A kafa dirkoki, a saƙa tsumagu a tsakani, a yaɓe da laka, a rufe da ciyawa ko fallen katako. A ƙasa mai yawan ruwan sama kamar Morvan, irin wannan gini ba ya daɗewa in an daina kula da shi. Mutumin Kano ko Zariya ko Katsina bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Ya san yadda badala ke komawa tudu in aka bar yi mata gyara, kuma ba zai yarda wani ya ce kakanninsa ba su san birni ba don kawai da ƙasa suka yi gini. Itace na ruɓewa, amma ramin da aka kafa dirka a cikinsa ba ya ɓacewa: ƙasar da ta cika shi launinta ya fi na kewaye duhu. Da irin waɗannan tabo-tabo, da daɓen ɗaki, da gurbin murhu, da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa, masu tono suka fitar da tsarin gidaje da layuka da babban titin da ya ratsa birnin, wanda faɗinsa a wasu wurare ya kusa mita 15.

Shi kansa kurmin da ake kafa hujja da shi ba na zamanin Golawa ba ne. Har zuwa ƙarni na 19 akasarin saman dutsen makiyaya ce da gonaki. Waɗancan itatuwa masu lanƙwasassun rassa da masu ziyara ke son ɗaukar hotonsu, ragowar shingen gonaki ne: manoma kan tsaga ƙaramin itace su kwantar da shi don ya zama shinge, da aka bar wurin sai itatuwan suka girma a karkace. Ƙasar Golawa, wato Gol, gaba ɗayanta ma ba kurmi ba ce. Hotunan da Roger Agache ya riƙa ɗauka daga jirgin sama a arewacin Faransa tun daga shekarun 1960 sun nuna gurbin gonakin Golawa birjik a ƙarƙashin gonakin yau. Ƙasusuwan da ake tonowa a garuruwansu kuma akasari na dabbobin gida ne, alade da shanu da tumaki. Naman farauta ɗan kaɗan ne a ciki.

Da ka wuce ƙofar Rebout, unguwar da ke gefen titi ta masu sana'a ce, ana kiran ɓangarorinta Côme Chaudron da Champlain. A nan aka sami maƙeru a jere, da kashin maƙera, da 'yan tukwanen narka tagulla, da gurbin da ake zuba ta, da maƙallan riga waɗanda ba a gama ƙerawa ba. An kuma sami shaidar wata sana'a mai wuyar gaske, ta narka jan gilashi a kan ƙarfe don ado, musamman a kan kawunan ƙusoshin ƙawa da kayan doki. Sana'ar na bukatar sanin zafin wuta daidai wa daida, in ya yi yawa launin ya lalace, in ya gaza gilashin ba zai kama ba. Mutumin da ya ƙware a wannan ba manomi ne mai taɓa ƙira da rani ba, sana'arsa ke nan, kuma akwai masu saye.

Sai tulunan giya. Yawan tsingaronsu a Bibrakt ya wuce misali, har ta kai mutanen garin na daɓe titi da su. Tulunan daga gaɓar yammacin Italiya suka fito, kowanne na cin kimanin lita 25, kuma nauyinsa ko babu komai a ciki ya kusa kilo 25. Sai an ɗauko su a jirgin ruwa zuwa kudancin Gol, a hau kogin Rhône, a shiga Saône, a sauke, sannan a ɗora a kan amalanke zuwa kan dutse. Abin da ke cikin tulun ba abin yabo ba ne a wurinmu, amma hanyar da ya biyo abin lura ce. Ba a yin irin wannan fatauci shekara da shekaru sai da hanya, da mashiga, da tsaro, da abin biya. Masanin labarin ƙasa Strabo ya rubuta cewa Eduwawa da maƙwabtansu Sekwanawa sun yi ta rikici a kan wa ke da ikon karɓar kuɗin fito a kogin Saône. Eduwawa na buga kuɗinsu na azurfa, kuma sun daidaita nauyinsa da na kuɗin Rum don ciniki ya yi sauƙi. Duk wannan kafin yaƙin Kaisar.

Game da doka da mulki, shaidar ta fito ne daga bakin abokin gaba. Kaisar ya bayyana cewa Eduwawa na da shugaba da ake kira vergobret, wanda ake zaɓa duk shekara. Yana da ikon yanke hukuncin kisa, amma dokarsu ta hana shi fita daga iyakar ƙasar muddin yana kan muƙami. Ta kuma hana mutum biyu 'yan gida ɗaya su riƙe wannan muƙami matuƙar dukansu na raye, ko su zauna a majalisa tare. Duk wanda ya san siyasa ya san me ake gudu: kada shugaba ya fita da runduna ya dawo sarki, kada kuma gida ɗaya ya mamaye ƙasa. A shekara ta 52 kafin Miladiyya, da mutum biyu, Convictolitavis da Cotus, kowanne ya ce shi ne zaɓaɓɓe, Kaisar ya bar sansaninsa ya tafi garin Decetia a cikin ƙasar Eduwawa don ya raba gardamar, saboda kada a karya dokar hana shugaba fita. Mutumin da ake cewa shi ya kawo musu doka, ga shi yana tafiyar ƙafa da ƙafa don kiyaye tasu.

Wasu 'yan'uwa biyu daga cikin Eduwawa, Diviciacos da Dumnorix, sun isa misali. Na farko malamin addininsu ne, daga rukunin da ake kira duruwid. Ya je Rum neman taimakon majalisar dattawa 'yan shekaru kafin yaƙin, kuma marubucin Rum Cicero, wanda ya san shi, ya ambace shi a matsayin mutum mai ilimin halittu. Ƙanensa Dumnorix kuwa ya yi shekaru yana sayen kwangilar karɓar kuɗin fito da sauran haraji a farashi mai rahusa, domin babu mai iya tayawa in ya taya. Da dukiyar yake riƙe da mahaya na kansa, ya kuma ƙulla auratayya da manyan wasu ƙabilu. Wannan ba hali ne mai kyau ba, amma hali ne na ƙasar da ke da haraji da gwanjon kwangila da attajirai masu juya siyasa. A wannan birni na Bibrakt ne kuma wakilan ƙabilun Gol suka taru a shekara ta 52 suka tabbatar da Vercingetorix a matsayin jagoran rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Kaisar, duk da cewa Eduwawa masu masaukin baƙi sun so a ba su jagorancin.

Maganar rubutu ita ce ta fi ruɗa mutane. Gaskiya ne Golawa ba su bar littattafai ba, amma rashin littafi daban, rashin iya rubutu daban. Girkawa sun kafa Marseille tun wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, kuma Golawa sun ari baƙaƙensu suna rubuta harshensu da su. A Bibrakt an sami kwanukan ƙasa da masu su suka karce sunayensu a jiki da baƙaƙen Girkanci. Kaisar ya ce bayan ya ci ƙabilar Helbetawa da yaƙi a kusa da Bibrakt a shekara ta 58, an tarar da alluna a sansaninsu, rubuce da baƙaƙen Girkanci, ɗauke da ƙidayar mayaƙa da yara da tsofaffi da mata. Ya kuma bayyana cewa malaman duruwid na amfani da rubutu a harkokin yau da kullum, amma sun haramta rubuta iliminsu na addini, sai dai hadda, wadda kan ɗauki almajiri har shekara 20. Zaɓi suka yi. Zaɓin ya yi musu tsada, domin da malaman suka ƙare ilimin ya bi su. Ɗan abin da ya tsira, kamar kalandar tagulla da aka tsinta a Coligny a 1897, mai lissafin watanni 62 na shekaru biyar cikin harshen Golawa, an rubuta shi ne a zamanin mulkin Rumawa, amma lissafin da ke cikinsa nasu ne.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuwa tasu waƙar a bakin wasu muka ji ta. Rumawa ba su taɓa mantawa da cewa Golawa sun shiga birninsu sun wawashe shi a farkon ƙarni na huɗu kafin Miladiyya ba, tsoron ya zauna musu a zuci. Kaisar kuma ɗan siyasa ne da ke rubuta wa mutanen Rum labarin yaƙin da yake son su amince da shi. Ba na cewa a jefar da littafinsa, ai da shi na kafa rabin hujjojina. Abin da nake cewa shi ne a karanta shi gaba ɗaya. Shi ne ya ce Bibrakt ya fi duk garuruwan Eduwawa girma da wadata. Shi ne ya ce a shekara ta 58, da abincin rundunarsa ya kusa ƙarewa, ya juya ya nufi Bibrakt neman hatsi. Mai neman abin da zai ciyar da runduna shida ba ya nufar ƙauyen mafarauta. Bayan nasararsa a kan Vercingetorix a Alesia kuma, a Bibrakt ya zaɓi ya yi hunturu, har masana da dama na ganin a nan ya kammala rubuta littafin yaƙin nasa.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a hannun ɗaya ɓangaren, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Za su ce: to ai abin da aka tono na ginin dutse a Bibrakt na Rumawa ne. Babban gidan nan na unguwar Parc aux Chevaux, mai faɗin murabba'in mita kusan 3,500, da tsakar gida mai ginshiƙai da ɗakin wanka, tsarin gidajen Italiya ne. Ginin taron jama'a da aka gano a Pâture du Couvent shi ma haka. Kuma tun kafin yaƙi Eduwawa abokan Rum ne, har majalisar dattawa na kiran su 'yan'uwa. Ashe ba daga Rum ɗin duk abin ya zo ba?

Amsa ta farko tana cikin jerin ƙasa. Masu tono sun tarar cewa a ƙarƙashin wancan babban gida akwai gine-gine da suka riga shi, ɗaya kan ɗaya, kuma na can ƙasa na itace ne da laka. Ginin Rumawa ya zo ya tarar da gari, da ganuwarsa da titunansa da unguwanninsa, sai ya hau kai. Amsa ta biyu ita ce aro ba ya nuna rashi. Rumawa su ma sun ara daga Girkawa da Etruskawa, baƙaƙen rubutunsu ma aro ne, ba wanda ya ce saboda haka ba su da wayewa. Marubutansu da kansu sun danganta wa Golawa sabulu, da wata amalanken girbi da dabba ke turawa, da sulke mai zobba wanda sojan Rum ya ɗauka ya yi ta amfani da shi. Wani kwarmin ruwa na jan dutse da ke tsakiyar babban titi, mai tsawon kimanin mita 10 da siffar kwale-kwale, kyakkyawan misali ne na haɗuwar hannu biyu: sassaƙar dutsen ta yi kama da ta mutanen Bahar Rum, amma siffarsa ba irin tasu ba ce, kuma an daidaita shi da mafitar rana a ranar da dare ya fi tsawo a shekara.

Amsa ta uku ita ce ta fi yanke magana. Bibrakt ba shi kaɗai ba ne. Joseph Déchelette, wanda ya yi tono a nan a farkon ƙarni na 20, ya kwatanta abin da ya samu da abin da aka samu a Manching ta Jamus, da Stradonice ta ƙasar Cek, da Velem ta Hungari. Ya tarar da maƙallan riga iri ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, tukwane masu kama da juna, da garuruwa masu ganuwa da unguwannin sana'a, a tsawon ɗaruruwan kilomita. Manching ya kewaye fili mai kusan hekta 380, kuma ya bunƙasa ya fara ja da baya tun kafin sojan Rum ya iso yankin. Ƙasar Cek kuwa Rum ba ta taɓa mulkar ta ba. In Rumawa ne suka koya wa waɗannan mutane birni, wa ya koya wa na can?

Ban zo in wanke Golawa ba. Sun yanke kawuna, kuma ba ƙage ba ne: akwai kuɗin azurfa mai ɗauke da sunan Dumnorix, da hoton mayaƙi riƙe da yankakken kai a hannu. Sun sayar da bayi, har Diodorus ɗan Sisili ya ce fataken Italiya kan karɓi bawa a madadin tulun giya ɗaya. Amma in da zub da jini ake auna wayewa, ma'aunin ba zai yi wa Rum daɗi ba. Marubucin tarihinsu Livy ya ba da labarin yadda a shekara ta 216 kafin Miladiyya suka binne Bagole da Bagoliya da Bagirke da Bagirkiya da ransu a kasuwar shanun Rum don neman yardar gumaka. Kaisar da kansa ya ce cikin mutum kusan 40,000 da ke Avaricum, da ƙyar 800 suka tsira, ba a bar tsoho ko mace ko yaro ba. A garin Uxellodunum ya sa aka datse hannuwan duk wanda ya ɗauki makami. Zamanin ne mai rashin imani, a kowane ɓangare.

Saura tambaya ɗaya. In birni ne na gaske, me ya sa ya mutu? Ba ƙone shi aka yi ba, ba kuma annoba ce ta kore su ba. A zamanin Sarki Agustus, wajen shekara ta 15 kafin Miladiyya, aka kafa sabon birni a kwari, a kan manyan hanyoyin daular, aka kira shi Augustodunum, wato Autun. Cikin 'yan shekaru gomomi mutanen Bibrakt suka sauka suka koma can da dukiyarsu da sana'o'insu. Jikokinsu ne suka zama Golawa na farko da Sarki Kalaudiyus ya buɗe wa ƙofar majalisar dattawan Rum a shekara ta 48 Miladiyya. Wannan ƙaura ita ce ta tserar da kufan. Bourges da Besançon su ma garuruwan Golawa ne, amma shekara dubu biyu ana gini a kansu. A Beuvray babu birnin da ya sake zama, sai wurin ibada, da wani ƙaramin gidan limaman Kirista, da kasuwar shekara-shekara da aka daɗe ana ci a Larabar farko ta watan Mayu.

Har sunan ma ya ɓace wa masana. Ƙarni da ƙarni suna cewa Bibrakt ita ce Autun, domin a ganinsu babban birni dole ya kasance inda ake da ƙofofin dutse da gidan wasa. Kuskuren da muke magana a kai ke nan, a bakin malamai. Wani ɗan kasuwa mutumin Autun, Jacques-Gabriel Bulliot, shi ya dage cewa a kan dutsen birnin yake. Da tallafin Napoleon na Uku ya fara tono a 1867, bai daina ba sai 1895, sannan Déchelette, wanda ɗan'uwansa ne, ya ci gaba har 1907. Déchelette ya mutu a fagen Yaƙin Duniya na Farko a 1914, wurin ya koma shiru. A 1984, zamanin Shugaba François Mitterrand, aka sake buɗe aikin, aka kafa cibiyar bincike a ƙauyen Glux-en-Glenne, aka kuma gina gidan kayan tarihi wanda Pierre-Louis Faloci ya zana. Tun daga nan ayarin jami'o'in ƙasashen Turai daban-daban ke zuwa tono duk shekara, kuma har yanzu ɗan yanki kaɗan ne na birnin aka buɗe.

Wanda zai je, ya fara da gidan kayan tarihin, domin a can zai ga ƙusoshin da tulunan da kayan maƙera, ya kuma koyi yadda ake karanta tudu da kwari kafin ya hau. In da hali ya zaɓi watannin zafi na Turai, lokacin da ɗalibai ke durƙushe a cikin ramuka da 'yan cokulan tono, ya tsaya ya ga yadda tabon dirka ke fitowa a ƙasa. Gidan tarihin ne ake biya, hawa dutsen kyauta ne. A tafi da takalmi mai ƙwari da rigar ruwa, a kuma ware wuni guda, domin zagaya ganuwar ciki kaɗai tafiyar fiye da kilomita 5 ce a kan gangare.